Faifai na Biyu na Yaya Modu

Duk wanda ya taɓa kai wa Yaya Modu kwamfuta gyara a zaurenmu na Yakasai ya san da abin da zan fara. Ka kai masa ita don fankarta na ƙara, ko don ta ƙi tashi, ka dawo washegari ka tarar ya gyara abin da ya kawo ka, ya kuma ƙara maka abin da ba ka roƙa ba. Ya raba cikinta biyu, ya bar maka naka tsarin a gefe guda, a ɗaya gefen ya zuba nasa, wanda ake cewa Linux. Faifai biyu tsarin nan ya zo da su. Na farko shi kaɗai ya isa kwamfuta ta tashi ta yi aiki, kuma a nan kowane mai hankali yake tsayawa. Yaya kuwa sai ya zura na biyu. Ka rantse ba ka so, ka haɗa shi da girman Allah, zai gyaɗa kai ya ce ya ji, kana juya baya ya zura. Har sunan ya bi shi. In an hango shi a kan tsohon kekensa sai ka ji ana cewa ga Na-biyu nan tafe.

Ni Falmata, ƙanwarsa, ɗinkin hula na sani, ba kwamfuta ba, amma bayanin nan na sha shi har na haddace. A faifai na biyu ake samun kayan aikin da mutum zai ƙera tasa manhajar da hannunsa. Babbansu shi ne kompaila. Kai za ka rubuta abin da kake so kwamfuta ta yi, shi kuma ya karanta rubutun, in ya yarda da shi sai ya juya shi ya zama abin da injin yake ganewa. Yaya yana cewa duk wanda ya ba ka kwamfuta babu wannan, aro ya ba ka, ko da ka biya shi. Na rubuta wannan ne saboda ku da kuka san shi, kuka yi masa dariya, kuka kuma cika lungunmu ranar jana'izarsa. Ni ma na yi masa dariyar, har yanzu ina yi in na tuna, sai dai yanzu ba ta ƙare mini lafiya.

Ku tuna Alhaji Sabo mai shagon buga takardu. Shi ya fara ɗanɗana wannan hali, kuma ina gidan ranar, daga soro na biyu nake jin su.

"Malam Modu, ni fa takardun neman aiki nake buga wa mutane. Me zan yi da wannan tarkacen?"

"Yau ke nan, Alhaji. Gobe fa?"

"Gobe ma takardun neman aiki! Aikin ai ba samuwa yake ba."

Cikin kwamfutocin lokacin ba shi da girma, kayan Yaya kuma da cin wuri. Da wuri ya ƙi isa, sai ya duba abin da a ganinsa ba shi da amfani, ya share wasan kartar da ke ciki. Alhaji ya kunna, ya duba sama, ya duba ƙasa.

"Ina kartata?"

"Na share."

"Inna lillahi! Da ita nake hutawa bayan azahar!"

"Alhaji, in karta kake so, rubuta taka. Duk kayan aikin na zuba maka."

Alhaji Sabo ya rungumi kwamfutarsa ya nufi ƙofa yana huci. A bakin zaure ya juyo ya yar da maganar da ta bi Yaya har kabari. Ya ce, "To kai mai kayan aikin, me ka taɓa ƙerawa? Nuna mana guda ɗaya!" Yaya ya cire tabaransa, wanda ƙafarsa ɗaya da zaren hulata aka ɗaure ta, ya yi ta gogewa da gefen riga.

Gaskiyar magana akwai abin da yake ƙerawa, bai dai gama ba. Iyarmu ita ce mai zanen hula a duk lungunmu. Ku maza da kuke sa hula ba ku san wahalarta ba, sai an fara zana fasalin a kan farin yadi kafin mu bi da allura da zare. Zanen Iya daga kakarta ta gaje shi, wadda ta taso da shi daga Barno, kuma babu shi a rubuce ko'ina sai a kanta. Gwanintarta ita ce duk girman kan mutum, za ta zana ya zagayo ya haɗe, ka juya hular yadda kake so ba za ka gane inda aka fara ba. Mata har daga Soron Ɗinki suke aiko mata da yadi. Ni na koyi ɗinkin, amma zanen ya gagare ni, nawa kullum sai ya bar tabo a mahaɗa. To sai hannun Iya ya fara rawa. Ranar da biro ya suɓuce mata ya ɓata yadin wata mata, ta shiga ɗaki ta ƙi cin abinci, Yaya ya bi ta ya durƙusa ya yi mata alkawari. Ya ce zai rubuta manhajar da za ta riƙe zanenta, a ba ta girman kai kawai ta fitar da shi a haɗe, yadda ko bayan ranmu ba zai ɓace ba.

Iya ta kalle shi ta ce, "Da wannan talabijin taka da ba ta nuna kowa?"

"Da ita, Iya."

"To kai dai ci gaba da wasanka."

Ya yi dariya, amma na san ta shige shi. Matarsa ta rasu tun da wuri, bai sake aure ba, bai kuma bar ɗa ba. Alkawarin nan shi ne abin da yake da shi. Ya riƙa zama a gefen tabarmar Iya yana tambayarta me ya sa ta karkata nan, me ya sa ta tsallake can, ita kuma tana korarsa tana cewa yaron nan ya cika ta da surutu, alhali furfura ta cika masa gemu.

Shekarar da soja suka koma bariki aka rantsar da farar hula, sai kwamfuta ta zama kayan ado a ofisoshi. Kowane sabon kansila sai an ajiye masa ɗaya a tebur, an lulluɓe ta da ƙyalle, an ɗora mata furen roba. Wani daga cikinsu, wanda tare suka yi makarantar allo da Yaya, ya tausaya masa ya ba shi aikin haɗa na ofishinsu gaba ɗaya. Muka yi murna a gida, muka ce arziki ya zo. Iya ta ja masa kunne, ni ma na roƙe shi, na ce Yaya don Allah wannan karon ka bar na biyun nan a gida. Ya ce to. Ashe a aljihun ciki ya sa shi.

Ba a jima ba kansila ya tara magoya baya a ofis, ya yaye ƙyalle don ya burge su, ya danna. Maimakon hoto mai launi sai allo ya fito baƙi ƙirin da farin rubutu, yana tambayar wane tsari za a shiga. Wani a cikin taron ya ce wannan aikin 'yan adawa ne. Aka aiko mota ta ɗauki Yaya.

"Modu, me ka yi wa kwamfutar gwamnati? Na kunna a gaban baƙi tana yi mini tambaya!"

"Zaɓi ta ba ka, ranka ya daɗe. Ko ka shiga nasu, ko ka shiga nawa. Ba dimokuraɗiyya aka ce an yi ba?"

"Ni ban iya ko ɗaya ba!"

"Kujerar ma ai haka ka hau ta, ga shi kana koyo."

A ranar aka sallame shi, kuma motar da ta kawo shi ba ta mayar da shi ba. Ya dawo a ƙafa, ɗauke da wata matacciyar firinta a ka, wadda ya tsinta a bayan ofishin an jefar. Ya ce da ita zai buga wa Iya zanenta, kuma wallahi sai da ya tashe ta. Iya ta ce bakin yaron nan ne zai kashe mu da yunwa. Shi kuwa abin da ya dame shi guda ɗaya ne, wai bai ƙarasa zuba wa ta sakatare na biyun ba.

Kun san shi da maƙo, ba sai na faɗa ba. Takalmin da ya yi jami'a da shi a Zariya, da shi ya yi sallar idinsa ta ƙarshe. Bai taɓa hawa acaɓa ba, yana cewa Allah ya ba shi ƙafa biyu da keke ɗaya, me zai kai shi bayan wani. Amma faifan nan, da ya fi ƙauna a kan komai, duk wanda ya ce a ara masa sai ya miƙa jiki na rawa, don murnar wai an sami mai son koyo. A ɗankwalin Iya yake naɗe faifan biyu, ya sa a cikin langa mai murfi. Haka maƙwabcinmu Malam Ado ya zo ya ara, bayan kwana biyu ya dawo da ɗaya.

"Ina na biyun?"

"Ai wancan ba komai a cikinsa, Malam Modu. Na sa shi bai nuna fim ba, bai yi waƙa ba. Na ba ƙanena ya yi wa babur ɗinsa ado."

Lokacin ne 'yan acaɓa suke yayin rataya tsohon faifai a bayan babur don ya riƙa ƙyalli. Kai, jama'a! Yaya ya manta da keke, ya fita a guje da takalmi ƙafa ɗaya, sai matsayar 'yan acaɓa ta bakin titi. Ya tarar da shi kuwa, an huda gefensa da ƙusa mai zafi, an murɗe shi da waya a ƙarƙashin fitilar baya, yana lilo. Ƙanen Malam Ado ya ce bari ya fincike masa. Yaya ya daka masa tsawa ya ce kar wanda ya taɓa, sai da kayan aikinsa na gida za a kwance. To ta yaya za a kai babur gida ba tare da faifan ya riƙa bugun ƙarfe ba? Sai ga yayana, mutumin da ya yi wa acaɓa rantsuwa, ya hau ya juya wa direba baya, ya sunkuya ya tallafe faifai da hannu biyu, yana cewa a hankali, a hankali, akwai rami. Haka suka ratso Yakasai, mutane na fitowa daga shaguna suna kallo. Da suka iso ƙofar gida direba ya miƙo hannu.

"Kuɗin me?"

"Kuɗin kawo ka, Malam."

"Kayana ka ɗauko, ɗan samari. Ni rakiya na yi."

Faifan dai ya mutu. Ya wanke shi, ya goge, ya gwada, ya sake gwadawa, bai tashi ba. Ya zauna a zaure ya yi tagumi, abokansa suka riƙa shigowa da zolaya suna cewa Allah ya ba da haƙuri, ya aka ji da rashi. Shi kuma yana amsawa da amin, da gaske, har suka ji kunya suka daina. A lokacin ban gane girman abin ba, don kompailan yana nan a cikin kwamfutarsa, aiki bai tsaya ba. Sai da damina ta zo, wata rana aka kawo wuta da ƙarfi, rumbun ajiyar kwamfutar ya ƙone. Rubutun manhajar Iya ya tsira, don ya kwafe shi a ƙananan faifai baƙaƙe ya ajiye. Amma mai karanta rubutun ya tafi, kuma babu inda za a samo shi a birni, don waɗanda ya zuba wa duk sun sa an share musu. Gidajen intanet na lokacin, kafin su sauko maka da abu mai wannan girman wuta ta ɗauke sau nawa.

Rumbun dai ya samo wani ya sa, amma ya daɗe yana jira kafin wani ɗan'uwanmu mai fatauci ya taho masa da sabon fitowar tsarin daga ƙasar waje. A cikin jiran nan ne ciwon suga ya kama idonsa. Ya ɓoye mana iyakar ƙoƙarinsa. Yana kafa hanci a jikin allo ya ce wai ƙura yake dubawa. Asiri ya tonu ne ranar da muka taho tare, ya tsaya ya yi wa tulin buhunan gawayi sallama, har da tambayar iyali, yana zaton Alhaji Sabo ne a zaune. Na fashe da dariya, na juyo in zolaye shi, sai na ga fuskarsa. Nan take na daina dariyar. Haka muka ƙarasa gida.

Daga nan na zama idonsa da hannunsa. Na nemi izinin maigidana, kullum in na gama aikin gida sai in taho daga Gwale da hantsi, in an yi sa'a akwai wuta mu zauna. Shi yana kan tabarma ya jingina da bango, ni ina kan kujera ina danna haruffa da yatsa ɗaya. Mun zaci muna zuba sabon faifai na biyu za a ci gaba daga inda aka tsaya. Ina! Ashe sabon fitowar da sabon kompaila ya zo, mai tsaurin ido, wanda bai yarda da rabin abin da tsohon yake bari ya wuce ba. Ranar farko da na ba shi rubutun Yaya, ƙorafi ya yi ta zubowa yana gudu a allo har na kasa karantawa.

"Me ya ce?"

"Yaya, ai bai gama cewa ba."

Da ya tsaya, na fara karanto masa da Turancina na firamare, yana gyara mini furuci, ina cewa in ba ya so ya karanta da kansa.

"Ya ce a layin nan bai san wannan sunan ba."

"Bai san shi ba? Tsohonsa ya san shi! Shekara da shekaru suna gaisawa!"

Iya ta ɗago murya daga tsakar gida, "Da wa yaron nan yake faɗa?"

"Da wani sabon-shiga, Iya, mara kunya!"

"To ka rage murya, kar maƙwabta su ce da ƙanwarka kake."

Abin haushin shi ne ba a gane ko ana ci gaba. Ka gyara kuskure ɗaya, goma su fito daga bayansa. Wata rana ƙorafin ya ragu mu yi murna, washegari ya cika allo. Ga kwamfutar ta tsufa, tana cikin aiki sai ta sandare ta yi tsit, sai an kashe an kunna. Wata rana na gaji, na ce wannan kompaila Allah ya isa tsakaninmu da shi. Sai Yaya ya ɗaga hannu.

"A'a, Falmata, kar ki zage shi. Ni kaɗai nake da izinin zaginsa. Gaskiya yake faɗa, ni na yi sakaci. Tsohon rufa mini asiri yake yi."

Mutum ne da bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ko a gaban kansila, ko a gaban Iya, amma ga shi yana ba inji gaskiya. Na tausaya masa ƙwarai ranar. Idon ya riga ya tafi gaba ɗaya, jikin ya zube, kwastomomi sun koma wajen samarin da ba sa yi musu ƙari. Duk da haka in ya ji takun Iya za ta wuce sai ya gyara zama ya ce, "Saura kaɗan, Iya." Ita kuma ta ce, "Haka ka ce bara."

Sai ciwo ya fito masa a ƙafa ya ƙi warkewa, aka kwantar da shi a asibiti. Ni nake jinyarsa. Yana kwance ido rufe, leɓɓansa na motsi, ma'aikatan jinya suna cewa bawan Allah nan ba ya rabuwa da tasbihi. Wani lokacin tasbihin ne. Wani lokacin kuwa na san manhajar yake bi layi-layi, don duk tana kansa. Wata rana bayan azahar ya damƙo hannuna da ƙarfin da ban san ya rage masa ba.

"Na kama shi, Falmata! Ba goma ba ne, guda ɗaya ne yake haifar da sauran."

Ya faɗa mini layin da zan goge, da wanda zan ɗauke in mayar sama, da abin da zan rubuta a gurbinsa. Ya sa na yi ta maimaitawa kamar hadda a makarantar allo, in na yi tuntuɓe ya ce sake. Sannan ya kore ni, ya ce in je in gwada yanzu-yanzu. Na hau acaɓa na tafi gida, na tarar babu wuta. Na zauna a zaure ina kallon ƙwan fitila har la'asar ta yi sanyi, ba a kawo ba. Na koma na gaya masa. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "An ce farar hula sun karɓi komai, ashe wutar ba su karɓo ba." Ya ce ba komai, gobe ma rana ce. Washegari da safe Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an tashi daga zaman makoki, wata safiya aka kawo wuta. Na shiga zaure, na zauna a kujerar, tabarmarsa tana nan a jikin bango. Na yi yadda ya ce, ban manta ko harafi ba. Na ba kompaila rubutun, na jira ƙorafi, bakina har ya shirya karantowa. Injin ya ɗan yi gurnani, sai ya yi shiru. Babu ƙorafi, babu komai, sai ɗan tsinken hasken nan da ke nuna inda za a yi rubutu yana ƙiftawa a allo. Na sake, haka. Na kashe na kunna na sake, haka dai. Tunda na fara zama a kujerar nan ban taɓa ganin ya yi shiru ba sai in kwamfutar ta sandare, ni kuma na ɗauka in ya yarda zai rubuto cewa ya yarda. Ban taɓa tambayar Yaya ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Na ce shi ke nan, ko na ɓata, ko ta lalace. Na lulluɓe ta da zane, na shiga na gaya wa Iya. Ta ce, "Ta bi mai ita."

Haka ta zauna a lulluɓe har aka kusa azumi, sannan wani baƙo ya yi sallama. Injiniya Habu ne, abokin Yaya tun Zariya, yana aiki a Fatakwal, labarin bai same shi da wuri ba. Bayan ya yi wa Iya ta'aziyya ya roƙi a nuna masa inda abokinsa yake zama. Na kai shi zaure, na ba shi labarin manhajar, da gyaran asibiti, da yadda injin ya mutu a hannuna. Aka yi sa'a da wuta. Ya yaye zanen, ya kunna, ya ce in nuna masa abin da na yi. Na nuna. Injin ya yi gurnaninsa, ya yi shiru.

"Ka gani ko? Haka yake yi."

Injiniya ya kalli allon. Ya fara dariya, sai kuma ya rufe fuska da hannu biyu.

"Malama Falmata, ai shi ba ya yabo. In ya sami kuskure ne yake magana. In ya yi shiru, ya karɓa."

"Ya karɓa? Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika yi gyaran."

Na zauna a tabarmar Yaya. Ashe ya kama shi ɗin da gaske, a gadon asibiti, babu ido, babu allo. Ashe wuta kawai ta raba shi da jin labarin.

Injiniya ya tashi manhajar, ta tambayi girman kai. Na ɗauko tsohuwar hular Yaya da ke rataye a ƙusa, na auna, na faɗa masa. Firinta ta yi ta kuka tana jan takarda, sai ga zanen Iya yana fitowa, da karkatarsa da tsallakensa, yadda take yi tun ina yarinya. Na sa almakashi na yanke, na lanƙwasa takardar na haɗa bakinta biyu ta zama kamar hula, na liƙe ta ciki. Na kai wa Iya tsakar gida.

Ta karɓa, hannun yana rawa. Ta matso da ita kusa da ido, ta fara juyawa tana neman inda zanen ya karye. Ta zagayo ba ta samu ba. Ta koma bakin ƙofa inda haske ya fi, ta sake juyawa a hankali, tana bi da farce. Sannan ta ɗora takardar a cinya, ta dafa ta da tafin hannu.

"Modu," ta ce. "Modu, ashe ba wasa kake ba."

Ɗan fari ne, kuma Iya irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar, kuma mai sunan ba ya nan balle ya amsa.

Ya Allah, ga bawanka Modu ya zo maka, da taurin kansa da kyakkyawar niyyarsa. Ka haskaka masa kabarinsa, shi da ya ƙare kwanakinsa a cikin duhu. Ka isar masa da labarin da ban samu na kai masa ba. Ranar da za a karanta littafinsa, Allah ka sa a wuce shiru, babu tuhuma ko ɗaya. Ku da kuka yi masa dariya, ku taya ni da amin.